Cin Dare da Ƙin Ci a Gidanmu Lokacin Kullen Korona

An kulle Kano ranar 16 ga Afrilu, 2020, bayan mako guda kuma azumi ya kama. Ni malama ce a makarantar kuɗi, da aka rufe makarantu albashi ma ya tsaya. Sai zaman gida da waya a hannu, kowace safiya da sanarwar rasuwa, yawanci dattawan da muka taso muna gani.

A haka na fara cin da ba na yunwa ba. Nakan ƙoshi da buɗa-baki, amma da gida ya yi tsit sai in lallaɓa kicin. Ragowar ƙosai da ya huce, soyayyen dankali, har cincin ɗin da na ajiye don sallah. A tsaye nake ci, da sauri, fitila a kashe, kunnena yana kan ƙofa. Ko ɗanɗanonsa ba na ji. Ƙirjina ne kawai ke yin sakayau na ɗan lokaci, sai kunya ta biyo baya. Kunyar ta fi ci mini rai, domin a layinmu akwai gidajen da sai an fita ake samu, wasu sun kwana ba su ɗora tukunya ba. Wa zan tunkara in ce damuwata yawan ci ne?

Ina fama da kaina ban lura da 'yar yayata da ke hannuna ba. An ɗage musu jarrabawar WAEC, babu makaranta, babu ƙawaye. Bayan sallah ta yi Sitta Shawwal, ta ɗora da azumin Litinin da Alhamis, muna ta sa mata albarka. Dabino da ruwa, sai ta ce ta ƙoshi. Ranar da nake mata kitso na ga gashi yana biyo mataji, ƙashin wuyanta ya fito fili.

Na ce, "'Yata, don Allah gaya mini gaskiya."

Ta daɗe kafin ta ce, "Anti, komai ya fi ƙarfina. Abincin nan kaɗai nake iya cewa a'a."

Likitar ƙwaƙwalwar da muka gani ta ce fargaba ɗaya ce ta kama mu. Doguwar damuwa tana tayar da sinadarin kotisol, shi kuma yana ƙara kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Na yarinyar ya fi haɗari, domin ƙin cin abinci irin wannan yana iya taɓa zuciya har ya yi kisa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a shekarar farko ta annobar, ban yi mamaki ba.

Abin da ya taimake mu ba wani tsarin rage ƙiba ba ne. Ci sau uku a kan lokaci, a faranti ɗaya, mu biyu. In na zarce da dare, ba na rama wa da ƙin karyawa, don horon ne ke sake jawo cin. Bayan isha'i waya tana kwana a falo. Azumin nafila kuwa ta dakatar da shi bisa shawarar likita da malaminmu.

Nawa ya lafa da aka koma aiki. Nata ya ɗauki lokaci mai tsawo, yana tafiya yana dawowa. Har yanzu in baƙuwa ta buɗe baki za ta ce mata "kin yi ƙiba" ko "kin rame", nakan tare zancen tun kafin ta ƙarasa, ko da kuwa babba ce a dangi.