Daga Hanyar Mirya Zuwa Titin Katsina

A Damagaram moto muke cewa. Satina na farko a Kano, a 2011, na ce wa kawuna a shagonsa na Kantin Kwari ina so in tara kuɗi in sayi moto. Wani yaron shago ya dube ni, ya dubi silifas ɗin ƙafata, ya ce, "Mota? Yaya, daga zuwa?" Sai da Kawu ya gama dariyarsa sannan ya ce musu mashin nake nufi. Haka na riƙa canjin kalmomi kamar mai canjin sefa a Wapa: gudiro ya koma kwalta, kabu-kabu ya koma acaɓa, jandarma kuwa babu shi sam. Ni ma aka canza mini suna na zama Buzu, alhali ko gaisuwa ban iya da Buzanci ba.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne titi. A gida hawan mashin hutu ne a wurina. In an yi la'asar, rana ta yi sanyi, sai in tayar da 'yar Kasea ɗina in kama hanyar Mirya, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba. Ba aike aka yi mini ba, ba kowa zan gani ba. Ka bar duwatsun gari a baya, iska tana shiga hannun rigarka tana kumbura ta, kana jin muryar injin sarai har ka san lokacin da yake neman giya. Sai ka yi tafiya mai nisa ba ka taɓa birki ba, in ka taɓa ma akuya ce ko amalanke. A kan mashin na yanke shawarar zuwa Kano, a kansa na tsara maganar da zan faɗa wa Inna don ta yarda.

A Kano na sauka a Rijiyar Lemo, kullum sai na bi titin Katsina zuwa Kwari. Lokacin 'yan acaɓa ne ke da gari. In danja ta tsayar da ku sai ka ga mashina sun taru a gaba kamar fara, hayaƙi ya turnuƙe, gwiwar wani tana gogar taka. Da na sayi tsohuwar Jincheng, a cikinsu na koyi tuƙin Kano, kuma ban ji tsoro sosai ba, don kowa tafiyarsa ɗaya da tawa, masu mota kuma sun saba duba gefensu.

Sai abubuwa suka juya. Bayan hare-haren 20 ga Janairun 2012 aka cika gari da shingaye, in ka iso sai ka kashe mashin ka sauka ka tura shi har ka wuce. Ni da takarduna na wata ƙasa ne, nakan tura nawa ina karanta duk addu'ar da na sani. A Janairun 2013 aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero hari, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa. Gurbin da suka bari Adaidaita Sahu ta cike shi. Sunan ya samo asali ne daga shirin gyaran tarbiyya na zamanin Malam Shekarau, lokacin da aka kawo baburan don ɗaukar mata, amma duk wanda ya ga yadda suke jeruwa a bakin Kwari da yamma ya san sunan ne kawai ya rage.

Mutane suna zaton cunkoso ne yake kashe wa mai mashin daɗin hawa. Ni ba haka na gani ba. Cunkoso gajiya ce da zafi da hayaƙi, ka sa ƙafa a ƙasa sau ɗari, kuloci ya gajiyar da yatsunka. Amma a goslo mai mashin sarki ne, yana kurɗawa yana barin mai Jeep da na'urar sanyinsa. Wurin da ran mutum yake a hannunsa shi ne inda titi ya buɗe. An faɗaɗa hanyoyi, an yi gadar Ƙofar Nassarawa, an yi ta ƙasa a Kabuga, an yi ta Dangi mai hawa-hawa, an yi ta Hotoro. Aiki ne mai kyau, ba na musu. Sai dai mai motar da ya ɓata rabin awa a cunkoso, da ya ga sarari sai ya rama a kan totur. Kai kana kan ƙaramin injin da in ya kai 70 ya fara kuka, shi kuma yana zuwa ta bayanka da abin da ya haura 100. Kafin ka gama ganinsa a madubi ya iso. Ka matsa dama don ka ba shi hanya, a daman kuma ɗan sahu yana tafe a hankali yana farautar fasinja da ido. Mai mashin yana tsakanin mai gudun tsiya da mai tsayawa babu sanarwa, kuma babu layin da yake nasa.

A nan na sha ƙasa. Wata safiya a daidai Kurna, tirela ta taho daga wajen Dawanau shaƙe da buhuna, ta wuce ni kusa har iskarta ta fara tura ni gefe sannan ta jawo ni. Wanda bai taɓa jin wannan jan ba ba zai gane ba, kamar wani ne ya kama kan mashin ɗin. Ina kokawar daidaita shi, wata mata ta ɗaga hannu a bakin titi, ɗan sahun da ke gabana ya taka birki nan take. Na damƙe na gaba, taya ta hau yashin da ke kwance a gefen kwalta, sai gani na a ƙasa. Gwiwa ta ɗaye, salansa ta ƙona mini ƙauri, tabon yana nan har yau kamar hatimi. Ɗan sahun ya leƙo ya ce, "Sannu Malam, Allah ya kiyaye gaba," ya ɗauki fasinjarsa ya wuce.

Wani dattijo mai faci ne ya ɗaga ni, ya zaunar da ni a kan benci, ya miƙe mini kan mashin da ya karkace. Da ya ji harshena ya ce, "Yaro, daga Nijar kake ko?" Na ce e, Baba. Ya ce, "To bar kallon bayan Adaidaita. Bakin titi za ka riƙa kallo. Da ka ga mai tsayuwa ya motsa hannu, ka san an riga an taka birki." Ya kuma ce in sayi hular kwano in daina rataye rai a kan hular zanna. Ya ƙi karɓar ko sisi.

Maganarsa ta yi mini amfani, tun daga ranar ban sake faɗuwa ba. Amma ita ce ta ƙarasa abin da ya rage. Yanzu in na hau, ido ɗaya yana madubi, ɗaya yana kan hannuwan mutanen bakin titi, yatsu biyu a kan birki, kunne yana tace hon. Na iya karanta tayar gaban mota kafin direba ya juya, don sigina ba abin dogaro ba ce. Na zama gwani, sai dai babu wurin tunani. Ina isa shago kafaɗuna sun sage kamar wanda ya yi dako.

Ɗan abin da nake samu sai ranar Lahadi bayan asuba, in fita ta hanyar Ɗambatta kafin manyan motoci su farka. Ita ce hanyar da ke bi ta Kazaure da Daura ta nufi gida, wataƙila shi ya sa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 wannan ma ta zama ta lissafi, don fita shan iska da fetur yanzu sai ka ji kamar ka yi almubazzaranci. Maƙwabtana biyu sun jingine motocinsu sun koma mashin, ɗaya har mai caji ya saya, wanda ba ya ƙara ko kaɗan. Shi ne ya zo yana tambayata yadda ake bi da tirela, ni Buzu.

Da aka buɗe iyaka a 2024 na je gida Sallah. Adaidaita ta riga ni isa Damagaram, da sunanta na Kano ma ake kiranta. Na ari moton ƙanena bayan la'asar, na goya shi, muka kama hanyar Mirya. Ga iskar, ga duwatsun, hanya fayau. Muna tafe ya taɓa kafaɗata ya ce, "Yaya, wa kake yi wa hon? Kuma me kake ta nema a madubi?"

Na duba madubin. Babu komai a bayanmu sai wani yaro a kan jaki, shi ma mun ba shi rata mai nisa.