Simone de Beauvoir ta hana ni sukuni

Tun muna lise malamin falsafa ya taɓa ambaton Simone de Beauvoir, wata marubuciya 'yar Faransa masaniyar falsafa, amma sai kwanan nan na zauna na bi ra'ayinta a tsanake, wallahi abin ya tsaya min a rai. Matar nan ta fitar da littafinta kan mata a 1949, lokacin shekara 5 kacal da ba matan Faransa 'yancin jefa ƙuri'a, kuma har 1965 matar aure a can ba ta iya buɗe asusun banki ko ta kama aiki sai miji ya yarda. Hujjarta ita ce halittar jiki daban, amma abin da ake kira halin mace, kawaici da yin shiru da jiran a yanke mata hukunci, tarbiyya ce ke ɗora mata shi tun tana ƙarama, namiji kuma shi aka mayar ma'aunin ɗan Adam.

Ban yarda da ita a komai ba fa, yadda ta kalli aure da haihuwa kamar tarko ya yi min tsauri, ni uwa ce kuma ina alfahari da hakan. Amma batun mace ta samu abin hannunta kam ta faɗi gaskiya, shi ya sa na dage ƙanwata sai ta gama karatunta kafin biki.