Gaisuwar da na riƙa tsallakewa

A shekararmu ta ƙarshe a sashen tarihi aka ba ni aikin kwafe wasiƙun Amurkawa na ƙarni na 19 daga hotunansu a kwamfuta. Ni kuwa labarin yaƙi da siyasa nake farauta. Kusan kowace wasiƙa takan buɗe da cewa mai rubutu ya ɗauki alƙalami ne don ya sanar yana nan lafiya, yana fatan takardar za ta same su haka. Na ce ai wannan "bayan gaisuwa mai yawa" ce irin tamu, sai in tsallake ta.

Da malamina ya duba aikin, ya ce, "Ina gaisuwar?"

Na ce, "Malam, ai duk iri ɗaya ce."

Ya ce, "Koma ka duba shekarar da aka rubuta kowacce, da inda aka rubuta ta."

Na koma. Kwalara ta ratsa Amurka a 1832, ta dawo a 1849, ta sake dawowa a 1866. Ta 1849 ta bi ayarin masu neman zinariya a Kaliforniya, inda mutum zai tashi garau da safe, kafin wata safiyar an binne shi a bakin hanya. Masu nufin Oregon, can yammacin ƙasar, sukan shafe wata huɗu zuwa shida cikin amalanken shanu, tafiyar mil kusan 2,000. A kwarin kogin Misisipi masassarar cizon sauro ta zama 'yar gida. Magani ma abin tsoro ne: likita ya tsaga jijiya ya zubar da jini, ko ya ba da kalomel, wanda ake haɗawa da zaiba, har haƙoran majiyyaci su yi girgiɗi. A yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, cuta ta kashe sojoji fiye da yadda harsashi ya kashe. Uwar da ta warware takarda ta ga "ina nan lafiya", ta riga ta sami abin da take jira. Sauran duk ƙari ne.

Kuɗin aikawa ma ya koya mini karatu. Kafin 1845, falle ɗaya da zai wuce mil 400 santi 25 ne, kuma sau da yawa mai karɓa ke biya. Shi ya sa wasu kan cika fallen, su juya shi a kaikaice su sake rubutu a kan na farko. Da fari haushin wannan cakuɗar nake ji saboda idona. Yanzu tausayi take ba ni. A 1851 kuɗin ya sauka zuwa santi 3.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Narcissa Whitman, wata 'yar mishan da ta bar jihar New York zuwa Oregon a 1836. Sai da ta haura shekara biyu kafin wasiƙar farko daga gida ta iso hannunta. A 1839 'yarta Alice, mai shekara biyu, ta nutse a kogin Walla Walla. Ta zauna ta rubuta wa danginta, alhali ta san za su yi watanni suna yi wa yarinyar addu'ar girma kafin labarin ya riske su.

Daga nan na koma wasiƙa ta farko, na kwafe gaisuwar kowacce harafi da harafi, har da kurakuran rubutunta, na rubuta shekara da gari a gefe.