Turancin da ba a koya mana a aji ba

Na zo Ingila a 2022, shekarar da gwamnatin Birtaniya ta buɗe ƙofa ga masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje. A watan Fabrairu aka sa aikin cikin jerin ayyukan da ƙasar ke ƙarancin ma'aikatansu, 'yan Najeriya kuwa muka yi ta tururuwa. Daga Kaduna na taso, na sauka a Bradford da ke yankin Yorkshire, gari mai hawa da gangara, ga masallatai ga mahautan halal, in ba don sanyi ba sai mutum ya manta a ƙasar Turawa yake. Sanyin na san da shi, tsadar haya ma an faɗa min. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne Turanci, harshen da na fara tun firamare, ga kuma sakamakon jarrabawar gwajin Turanci ta IELTS a jakata.

Turancinmu na makaranta na manyan kalmomi ne. An koya mana "postpone", "cancel", "tolerate", "investigate", kuma duk wanda ya fi jero su shi ne gwani a aji. A gidan tsofaffin da nake aiki sai a yi wuni ba a ji ko ɗaya ba. "Put off" suke cewa, da "call off", da "put up with", da "look into": ɗan gajeren aikatau, sai wata 'yar kalma ta biyo shi ta juya ma'anarsa gaba ɗaya. Abin yana da tarihi. Bayan Normawa daga Faransa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci da Latin suka zama na fada da kotu da coci, talaka kuma ya ci gaba da gajerun kalmominsa na gado. Mu na fadar aka kai mana a littafi. Na kicin da bakin titi sai an zo ake ji.

Ƙarfe takwas na dare ake miƙa aiki. Shugabar masu aikin rana, wata dattijuwar Baturiya da ke kiran kowa "love", daga manaja har mai shara, takan tsaya da takarda a hannu da kofin shayi a gefe, ta zuba bayani ba numfashi. Ga irin abin da ke fitowa daga bakinta: "Room six is off her food, we've put it down to the new tablets. Room two kicked off over the telly. Physio got held up by traffic, so that's been put back." Cikin daƙiƙa goma ta gaya mana tsohuwar ɗaki na shida ta daina cin abinci kuma ana zaton sabon magani ne, tsohon ɗaki na biyu ya tayar da rigima a kan talabijin, mai gashin ƙashi cunkoson motoci ya tsare ta, an ɗage zuwanta. Dalilai uku a jere, amma ko sau ɗaya ba ta ce "because" ba. Ni kuwa kalmar da kunnena ke jira ke nan.

A nan ne gizo ke saƙar. Kowane irin wannan aikatau yana da 'yar kalmar da yake jawo dalilinsa da ita, kowace ƙwarya da abokiyar burminta. In faɗa aka yi wa mutum, "told off for" ne: "She got told off for being late." In ɓatawa aka yi, "fell out over" ne, su biyun sun ɓata a kan kuɗi ko a kan jadawalin aiki. Ciwo kuwa "with" yake ɗauka: "came down with flu", mura ta kama shi; "signed off with stress", likita ya ba shi takardar hutu saboda damuwa, takardar da doka ta ce sai an kawo in jinya ta wuce kwana 7. Tsaiko "by" ne, gajiya da suma "from" ne, "worn out from nights", aikin dare ya gama da ita. In aka musanya su za a gane ka, amma za a ɗan yi shiru na daƙiƙa ɗaya, shirun nan da baƙo ya sani. Ba wata ƙa'ida da za ta fisshe ka. Tare ake haddace su, aikatau da wutsiyarsa da kalmar dalilinsa, a matsayin abu guda.

Abin da ya kwantar min da hankali shi ne da na lura mu ma muna da irinsa, sai dai namu a jikin kalmar yake. Ɗauka daban, ɗauko daban, ɗauke daban. Saya, sayo, saye, sayar. Yaro ɗan shekara huɗu a Tudun Wada ba ya rikita fita da fito da fitar, kuma ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Bature waje yake ajiye wannan ɗan bambancin, ya ce "take out", "take off", "take away". Tun da na fara kallon abin haka na daina jin haushin harshen, na koma saurare.

Akwai kuma wani abu da ya wuce nahawu, wanda a ganina shi ya fi shafar mai neman abinci a ƙasar nan: 'yar kalmar dalili ita ke nuna wa za a ɗora wa laifi. A tashar jirgin ƙasa "due to" ake ji daga lasifika, an soke jirgi "due to a shortage of train crew", ko "due to a signal failure". Magana ce mai wanke hannu, dalili ya fito amma ba a ga mutum ba. A ranar 19 ga Yulin 2022 zafi ya kai digiri 40.3 a ƙauyen Coningsby, karon farko da aka haura 40 a tarihin ƙasar, aka tsayar da jirage tsakanin Landan da Leeds. Na so in yi dariya, don wannan ai zafin watan Afrilu ne a Sakkwato, amma dariyar ta tsaya da na ga yadda tsofaffinmu suka galabaita a gidan da aka gina don ya riƙe ɗumi. Ranar ko'ina "due to the heat". A Disamban shekarar, da ƙungiyar ma'aikatan jinya ta RCN ta shiga yajin aikin gama-gari na farko a tarihinta, sai harshe ya sauya: "walked out over pay", sun fice a kan albashi. "Over" kullum da jayayya yake tafe, akwai ɓangare biyu.

Wanda ya fi su haɗari shi ne "down to". In manaja ta ce "It's down to staffing", ƙarancin ma'aikata ne ya jawo, ba laifin kowa. In ta dube ki ta ce "That's down to you", to ko dai laifinki ne, ko kuma nauyin gyarawa a wuyanki yake, sai ki karanta fuskarta ki gane wanne. Ƙara "put" a gaba kuma sai ya zama zato: "we put it down to the tablets" ba ya nufin an tabbatar, ana dai jingina abin ga maganin. A aikinmu wannan ba wasa ba ne. Duk abin da ya faru da tsoho sai an rubuta, kuma hukumar CQC da ke sa ido kan gidajen kulawa a Ingila takan duba waɗannan bayanan. Ma'aikaciyar da ta rubuta tsohuwa ta faɗi "because of" magani ta yanke hukuncin da na likita ne. Wadda ta rubuta abin da ta gani, ta ce an jingina shi ga kaza, ta tsira.

Bara wata yarinya daga Zariya ta kama aiki tare da mu, mai digiri, Turancinta tas. Bayan miƙa aiki na farko ta ja ni gefe a ɗakin wanki.

"Anti, don Allah me matar nan ta ce? Wallahi kalmomin duk na san su, amma ban ji komai ba."

Na ce, "Ƙanwata, ki bar jiran 'because'. In kin ji aikatau, ki kasa kunne ga 'yan kalmomi biyu da ke binsa. Ta farko abin da ya faru ne, ta biyu dalili."

Ta ce, "To in ya wuce ni fa?"

Na ce ta tambaya kai-tsaye, "What brought it on?", me ya tayar da shi. Da wannan tambayar kaɗai ana samun rabin labarin marar lafiya, kuma Turawan nan ba sa jin nauyin maimaitawa in sun ga aiki ake so a yi daidai.

Ni na yi sa'a na zo kafin Maris na 2024, lokacin da aka hana sababbin masu wannan aiki tahowa da iyali, don haka yarana suna nan tare da ni. Su ba su sha wannan wahalar ba. A filin wasan makaranta suka kwashi abin, har da "cos" ɗin da ya maye gurbin "because" da lafazin Yorkshire mai haɗiye rabin kalma. Ran nan na tarar an fasa min kofi a kicin, na tambayi ƙaramin wa ya yi. Ko ɗago kai bai yi daga kwanon tuwonsa ba ya ce, "It fell off, Umma. It's not down to me." Na ce to ya maimaita da Hausa in ji ko kofin ƙafa gare shi.