Tsohon babur da sikelin ƴan ƙarfe

Duk wanda ya ce zai tada tsohon babur a Yamai, to ya shirya yawon neman kayan gyara. Aikin kile da guduma shi ne ƙaramin kaso. Babban kason yana ga ƙafa da baki: ka bi Katako layi-layi, ka leƙa Wadata, ka buga waya Konni, ka roƙi direban da zai shiga Sakkwato ya duba maka, ka je ka durƙusa gaban dattijon da aka ce yana da irin wannan injin a bayan ɗaki tun zamanin Kunce. Garajinmu a Bukoki yake, kuma abincinmu na yau da kullum daga baburan zamani yake fitowa, su Kasea da Haojue da Boxer. Tsofaffin nan aikin gefe ne, ba sa cika aljihu. Amma mafi yawan abin da na sani a sana'ar nan a jikinsu na koye shi.

Masu kawo mana su ba masu tara kayan tarihi ba ne irin na Turai. Yawanci ɗa ne da ya gaji Vespar mahaifinsa, ko malamin gona da ya yi ritaya da Yamaha DT ɗin da ya zaga karkara a kanta, ko wani da ya tono shuɗiyar Mobilet daga ƙarƙashin tarkacen gida. Suna zuwa da zaton kwana uku ya isa. Nakan gaya musu tun a ƙofa cewa kwancewa da ɗaurawa ba za su wuce mako ba, amma ranar da za a samu madadin abin da ya lalace, wannan sai Allah.

Kayan nan ba dare ɗaya suka ɓace ba. Kamfanin Motobécane na Faransa, mai Mobilet, ya durƙushe a 1981, daga baya ya koma hannun Yamaha da sunan MBK, kuma a 2002 aka daina ƙera ta a can. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake kawowa daga Faransa ko Japan ya ninka kuɗi, ƴan kasuwa da yawa suka rage oda. Sai kuma baburan China suka shigo a shekarun 2000 da arahar da ba a taɓa gani ba. Mai shagon piyas, wato kayan gyara, ba zai ajiye pisto na Suzuki A100 shekara biyu yana jiran mutum ɗaya ba, alhali na Kasea kan ƙare masa kafin sati ya zagayo. Ban ga laifinsa ba, kasuwa ce.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sikeli. A nan Katako akwai masu narka alminiyam suna zuba tukwane da ludayi, sana'a ce mai albarka, tana ciyar da gidaje da yawa. Sai dai kaskon injin Vespa da kan silindar Yamaha duk alminiyam ne mai kyau. Yaro mai kura zai bi unguwa yana cigiyar tsohon ƙarfe, matar gida ta gaji da ganin mataccen babur a zaure, a ɗora a sikeli a biya ta kuɗin kilo. Na taɓa isa wurin masu narkawa na tarar an riga an sa guduma an raba kaskon injin Vespa gida huɗu don ya shiga tukunyar wuta. Na ɗauki ɓari ɗaya na juya shi, mazaunin rulma, zoben nan mai ƙwallayen ƙarfe da sanda ke juyawa a cikinsa, lafiya lau, ko ƙwarzane babu. A lokacin akwai Vespa a garajinmu da ke jiran irin wannan kasko. Mai narkawar ya ce, "Maigida, da ka zo da hantsi ai da ka ɗauka a kuɗin kilo." Tun daga ranar na ƙulla zumunci da ƴan sikeli. Ina ba su lambata, ina ƙara musu wani abu a kan kuɗin kilo, su kuma in tsohon inji ya faɗo hannunsu sai su kira kafin guduma ta hau kansa. Kusan duk wani abu mai daraja da ke cikin akwatunan garajinmu ta wannan hanya ya zo.

Maigidana da na koyi aiki a hannunsa, Allah ya jiƙansa, ba ya yarda yaro ya tafi kasuwa da sunan babur a baki. Cewa yake ka tafi da awo. Da farko na ɗauka tsanani ne kawai irin na mutanen da, sai da kaya suka fara wuya na ga amfaninsa. In ka shiga shago ka ce kana neman rulmar tayar Yamaha ta 1978, za a ce maka babu, kuma gaskiya aka faɗa. In ka wanke tsohuwar da fetur ka karanta lambar da ke gefenta, ka ga 6203, to magana ta ƙare: ramin ciki milimita 17, faɗin waje 40, kauri 12, kuma haka take ko a injin ban ruwa ko a dinamon mota. Masu kayan famfo suna da ita. Robar da ke tare mai ita ma awonta na rubuce a jikinta, lamba uku a jere. Sarƙa ko 420 ce ko 428. Kamfanonin nan ba su ƙera komai da komai da kansu ba, da yawa saye suka yi daga masu yin rulma da sarƙa, kuma waɗancan har gobe suna aiki. Mai neman suna zai dawo hannu rabbana, mai ma'auni a aljihu yakan dawo da abin da ya je nema.

Honda CG125 ita ce ta fi sauƙin sha'ani, kuma akwai dalili. Honda ta fito da ita a 1975 musamman saboda ƙasashe irin namu, inda ake ɗora wa babur kaya fiye da kima kuma ba a canja baƙin mai a kan lokaci, shi ya sa aka yi injinta da sandunan tura bawul, mai jure wahala. Masana'antun China da yawa wannan injin suka kwafa. Saboda haka pisto mai faɗin milimita 56.5 bai yanke a kasuwa ba, kuma in silinda ta ci ana iya faɗaɗa ta a sa na gaba, 0.25 ko 0.50, har zuwa 1.00. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Amma ko a nan sai an auna, don wani pisto fil ɗinsa ya bambanta, wani kansa ya ɗara tsawo, in ka ɗaura da ka sai ya daki bawul. Vespa kuma Indiya ce ta cece ta, domin Bajaj Chetak da LML daga jikinta aka fitar da su, kuma kabil da faifan ambireyaj da sigima, wato zobban pisto, nasu da yawa suna hawa. Waɗanda suka fi ba mu wuya su ne ƙananan Yamaha da Suzuki masu shan gauraye, da Mobilet. Famfon mai na Yamaha, wanda suke kira Autolube, in ya mutu da wuya ka samu wani. Mukan cire shi mu koma gauraya baƙin mai da fetur a tanki, kamar yadda masu Vespa suka saba, kashi biyu cikin ɗari ko ɗan sama da haka, mu kuma ja kunnen mai babur kada ya kuskura ya zuba fetur zalla.

Akwai abin da ba a saye ko'ina, sai dai a yi shi. Ina son in ga yaro na koyon yanka jwan, takardar nan da ake sawa a mahaɗar ƙarafan inji don kada mai ya zuba. Za ka shimfiɗa takardar jwan a bakin kaskon, ka danne da yatsu, ka ɗauki ƙaramar guduma mai zagayayyen kai ka riƙa bubbuga gefen a hankali. Kaifin ƙarfen da kansa zai yanka takardar, ramukan ƙusa su fito ɗaya bayan ɗaya. In ka yi gaggawa ka farfasa bakin alminiyam, ka ɓata abin da babu madadinsa. Haka platin, ɗan ƙarfen da bakinsa ke buɗewa da rufewa don ba inji wuta: in bakinsa ya ƙone ba jefarwa ake yi ba, goga shi ake da lallausan dutse har fuskokin biyu su haɗu daidai, a saita tazarar. Maigidana da takardar kwalin sigari yake gane lokacin da bakin ya fara buɗewa, yana juya bolan, faifan da ke juyawa a gefen injin, da hannu ɗaya yana jan takardar da ɗayan, kunnensa na kusa da injin. Zoben tagulla da ya cinye kuwa sai wurin mai injin sassaƙar ƙarfe, ka kai masa tsohon da sandar da zai zauna a kai, ka tsaya a kansa har ya gama.

Iyaka ma ta koya mana nata karatun. Najeriya ta rufe tata daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, abin da muke samu daga Kano da Nnewi ya koma sai an sha wuya. Bayan Yulin 2023 kuma hanyar Kwatano ta tsaya, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, ga nisa ga tsada. Wasu kan ce ai komai na intanet. Haka ne, a Faransa da Italiya akwai masu ƙera sababbin kayan Mobilet da Vespa. Amma ka lissafa kuɗin aikowa da na duwan, ka nemi mai katin banki da zai biya maka, sannan ka yi addu'a kada a aiko wanda bai dace ba, don mayarwa ba ta taso ba. Hanyar da ta fi yi mana aiki ita ce ɗan'uwa mai dawowa gida hutu ya sako ƙaramin abu a jakarsa, kamar jiklar ko kondansatar.

Wurin da na fi yin taka-tsantsan yanzu shi ne tsakanina da mai babur. Wani bawan Allah ya kawo CG ta mahaifinsa, ta farkon fitowa, mai wutar bolt 6 da platin. Bobin ɗinta, naɗin wayar da ke ba ta wuta, ta mutu. Na ce masa, "Alhaji, hanya biyu ce. Ko in mayar da ita CDI, akwatin wuta na zamani mai maye gurbin platin, da bolt 12 da kayan China, gobe ka hau, fitila ta fi haske, tashi ɗaya. Ko mu jira a naɗa wannan bobin ɗin da hannu, ta zauna yadda Baba ya bar ta." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ba hawa na rasa ba. A bar ta yadda take." Wani kuma da irin wannan matsalar cewa ya yi a sa na zamani, shi kasuwa zai riƙa zuwa da ita. Dukansu suna da gaskiya. Wanda ba shi da gaskiya shi ne makanikin da zai cire karbiratar Keihin ta asali ya sa ta kwafi, ya ce wa mai ita tsohuwar ta mutu, sannan ya sayar wa wani da tsada. Ana yin haka a garin nan, kuma ƙarancin kayan ne ya sa abin ya zama jaraba. A garajinmu duk abin da aka cire, ko ya mutu murus, a leda ake ƙulle shi a miƙa wa mai babur. Cin amana ne a yi akasin haka, kuma mataccen na yau shi ne samfurin da za a auna a sassaƙa wani gobe.

Yanka babur ɗaya don a raya wani shi ma yana da nasa nauyin. In aka kawo biyu iri ɗaya, dole a zaɓi wanda zai tashi. Ni firam da takardu nake dubawa kafin inji, domin inji ana iya haɗa shi daga wurare uku, amma firam da ya taɓa karyewa a wuya ba na ɗora ɗan mutum a kansa, komai kyan walda. Wanda aka yanka kuma ba a zubar da ko ƙusa. Muna da littafi, irin na ƴan makaranta, da muke rubuta abin da aka cire, daga wane babur, da awonsa.

Damuwata ta fi yawa a kan hannuwa. Yaran da ke shigowa sana'ar yanzu sun tashi a zamanin da karbirata sabuwa ta fi arha a kan wunin da za a ɓata ana wanke tsohuwa, don haka cirewa da sakawa suka iya, kuma ba laifinsu ba ne, abin da kasuwa ke biya ke nan. Masu naɗa bobin da hannu da na sani a Yamai duk furfura ta cika musu kai. Mai injin sassaƙar da muke kai wa aiki idonsa ya fara rauni, sai ya sa tabarau biyu kafin ya karanta ma'auni. Na roƙe shi ya karɓi yarana biyu duk ranar Asabar, ni zan ɗauki abincinsu da kuɗin motarsu. Ya ce, "Turo su, amma wanda ya zo da waya a hannu ya koma." Ɗaya ya gaji ya daina zuwa. Ɗayan yana nan, kuma zoben tagullar da ke cikin Suzukin da muka tayar kwanan baya shi ya sassaƙa shi.