Wanda ya gani da idonsa

A shekarata ta ƙarshe a sashen shari'a, da aka zo zaɓen taken kundin kammala digiri, sai na ce zan yi nazari kan kare masu ba da shaida. Malamina ya tambaye ni abin da ya kai ni ga wannan, na kuwa faɗa masa gaskiya: wani wasan talabijin na Amurka ne mai suna Justified, wanda tashar FX ta nuna daga 2010 zuwa 2015. Labarin wani jami'in Mashal ne, wato jami'in tsaro na kotunan tarayyar Amurka, da aka mayar da shi jiharsu ta Kentaki, yana farautar masu laifi a duwatsun gundumar Harlan inda aka haife shi, babban abokin gabarsa kuwa mutumin da suka haƙi kwal tare ne suna samari. Malam ya yi shiru, sannan ya ce, "To, je ka rabe min abin da ke wasa da abin da ke doka, ka dawo."

Harlan ba ƙagaggen wuri ba ne. Ƙasar kwal ce da aka zubar da jini a cikinta tun 1931, tsakanin ma'aikatan rami da masu kamfani. A 1940 mutanenta sun haura 70,000, a ƙidayar 2020 ba su kai 30,000 ba. Aiki ya ƙare, matasa suka watse, tabar wiwi da ƙwayoyi suka samu wurin zama. Kallona na farko, jami'in nan mai malafa da saurin zare bindiga kawai nake gani. Sai da na sake kallo da biro a hannu na lura da mutanen da ke tsaye a bakin ƙofa idan ya zo tambaya. Kowa ya san wanda ya aikata, kowa ya san kakansa ma, amma ba mai buɗe baki. Jami'in zai shiga motarsa ya koma birnin Lexington inda ofishinsa yake, su kuwa a nan za su kwana.

Daga nan na shiga karatun dokar kanta. Hukumar Mashal ta girmi kusan duk hukumomin tsaro na tarayyar Amurka, don tun 1789 aka kafa ta, amma shirin ɓoye shaidu da take gudanarwa sabo ne. Dokar yaƙi da gungun masu laifi ta 1970 ce ta ba shi gindin zama, bayan ƙoƙarin wani lauyan ma'aikatar shari'a, Gerald Shur, wanda ya ga shari'un 'yan Mafiya suna rushewa saboda ana kashe shaidu ko a razana su. A 1984 aka yi wa shirin garambawul. Mutum sama da 19,000, shaidu da iyalansu, sun bi ta cikinsa, kuma hukumar na cewa ba a taɓa kashe wanda ya kiyaye ƙa'idojinsa ba.

Ƙa'idojin nan su suka fi tsaya min a rai. Za a ba ka sabon suna da sabbin takardu, a kai ka garin da ba ka san kowa ba, a riƙa ba ka kuɗin abinci har ka samu aiki. Kai kuma ka sa hannu ba za ka sake taka inda ka fito ba. Wasiƙarka zuwa ga mahaifiyarka sai ta bi ta hannun jami'ai. 'Ya'yanka su koyi amsa sunan da ba shi aka raɗa musu ba. Na daɗe ina juya wannan: a ce mahaifinka ya rasu kana da rai da lafiya, amma ba ka cikin masu ɗaukar makara. A takarda ana kiran abin kariya, kuma kariyar ce, sai dai da zumuncinsa kacokan mutum yake biyan kuɗinta.

Kuma yawancin waɗanda ake ɓoyewa ba salihan bayi ba ne, 'yan cikin gungun ne da suka juya. Sammy Gravano, wani jigon 'yan Mafiya a New York, ya amsa yana da hannu a kisan mutum 19, ya ba da shaidar da ta kai ga ɗaure ubangidansa John Gotti a 1992, aka yanke masa shekara biyar kacal. Ya bar shirin, aka sake kama shi a 2000 kan safarar ƙwaya. Har yau ban iya karanta wannan ba tare da tunanin dangin mutum 19 ɗin nan ba.

Duk wannan ilimin takarda ne. Wanda ya zauna min a ƙashi na same shi ne lokacin zaman koyon aiki a wata kotu. Shari'ar satar shanu ce, babban shaida kuma wani dattijo ne daga ƙauye, wanda ya gaya wa 'yan sanda komai dalla-dalla, har da sunaye. Sau uku yana zuwa ana ɗage zama, kullum da kuɗin motarsa. A zuwa na huɗu ya tsaya gaban alƙali, 'yan'uwan wanda ake tuhuma sun cika benci biyu a bayansa, ya ce dare ne, ga hazo, shi bai shaida fuskar kowa ba. Mai gabatar da ƙara ya karanto masa bayaninsa na farko, dattijon ya ce ƙila mai rubutun ne bai fahimce shi ba.

Raina ya ɓaci. Bayan an sallame shi na same shi a gindin darbejiya yana ɗaure takardar sammacinsa a leda. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ai kun rantse."

Ya dube ni ba tare da fushi ba. "Ɗana, a ina kake kwana?"

Na ce a cikin gari.

"Ni gidana ne na ƙarshe kafin daji. Jikokina biyar a ciki. Ka gaya wa alƙali ya zo ya kwana mana ɗaya, gobe in faɗi abin da na gani."

Ban samu amsa ba. A jakata akwai babin da na rubuta kan sashe na 232 na dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta Najeriya ta 2015, wanda ya yarda a ɓoye sunan shaida, a sa masa labule ko abin rufe fuska, ko a ji shi ta bidiyo. Na yaba wa sashen sosai. To amma laifuffuka ya ware, irin su ta'addanci da safarar mutane, kuma ko da ya shafi wannan dattijo, wane labule ne zai ɓoye muryarsa ga mutanen da suke cin kasuwa ɗaya shekara arba'in? Ko a ce a mayar da shi wani gari da sabon suna, gonarsa fa, da kushewar iyayensa? Shirin Amurka an gina shi ne don mutumin birni da zai iya ɓacewa cikin miliyoyi. Mutumin Harlan da mutumin ƙauyenmu, duk wanda ya ɓace a cikinsu, ɓacewar tasa ma shaida ce a kansa, ga dangin da ya bari a baya.

Na sake rubuta babin daga farko, na rage manyan shawarwari na koma kan ƙanana. Kada a ƙwala kiran sunan shaida a barandar kotu. Kada a zaunar da shi benci ɗaya da dangin wanda ake tuhuma. A saurare shi ranar da ya fara zuwa, don kowace ɗagewa ƙarin mako ne ga masu kai masa ziyarar dare. Yanzu da nake aiki, kafin in sa sunan mutum cikin jerin shaiduna sai na tambaye shi su wa ke gidansa, da kuma hanyar da zai bi ya koma.

Wannan tambaya ta ƙarshe daga wurin dattijon na samo ta. Ranar na raka shi tasha riƙe da ledarsa, muka tarar motar ƙauyensu ɗaya ce, biyu daga cikin mutanen benci kuma har sun riga shi shiga. Suka matsa masa wuri, suka ce, "Sannu Baba." Ya amsa, ya zauna a tsakaninsu.