Abin da shokozoban Gold Wing ya koya mini kafin na bar gareji

A ƙarshen wannan wata zan bar garejin da na koyi aikin manyan babura a Abuja, kuma cikin duk ayyukan da suka bi ta hannuna, wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na shokozoban gaba na wani babur Honda Gold Wing ƙirar GL1800. Mai shi, wani Alhaji da ke yawan tafiya Jos da akwatuna cike da kaya, ya kawo ƙorafi biyu masu kama da kishiyoyi: gaban babur yana nutsewa idan ya kama birki, sannan yana dukan hannuwansa idan taya ta faɗa rami.

Wanda ya san samfurin wannan babur na 2001 zuwa 2017 ya san ƙafafun shokozobansa biyu na gaba ba iri ɗaya ba ne a ciki. Ta dama tana da bawul mai siraran faifayen ƙarfe da ke lanƙwasa su ba man da ke cikin ƙafar hanya gwargwadon ƙarfin duka. Ta hagu kuwa tsohon tsari ne, inda mai ke bi ta ƙananan kafofi da girmansu ba ya canzawa, tare da na'urar hana nutsewa da birki ke motsawa. A irin waɗannan kafofi, idan saurin matsewa ya ninka biyu, turjiyar mai tana ninkawa huɗu, shi ya sa ƙafar ke yin laushi fiye da kima a matsewar sannu, ta kuma sandare a dukan rami. Ga nauyin da ya kai kilo 400 kafin mutum ya hau, ga sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗaukar nauyi, da ya gaji da shekaru.

Na auna yadda gaban ke sauka idan mai shi ya zauna, na tarar ya cinye kusan rabin milimita 140 da ƙafafun ke da shi na motsi, alhali bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Na shaida wa maigida cewa a yi odar sifirin da ya dace da nauyin Alhaji da kayansa, a duba na'urar hana nutsewa domin takan maƙale, in kuma aljihu zai ɗauka a sa bawul na zamani a ƙafafun biyu, irin wanda kamfanin Traxxion Dynamics ke yi. Maigida bai saurare ni ba. Ya ce odar za ta ɗauki makonni, ya umarce ni in juye mai 20W, wanda ya fi kauri, a maimakon 10W, in yanka guntun bututu in danne tsohon sifirin. Danne sifirin yana ɗaga gaban babur ne kawai, ba ya ƙara masa ƙarfi, mai kauri kuma yana ƙara tsananin dukan da ake kuka da shi.

Da Alhaji ya dawo daga tafiya da robar tare mai tana zuba, yana cewa tayar gaba tana tsalle a gargada, a gabansa maigida ya nuna ni ya ce yaro ne ya yi gaban kansa. Ban ce uffan ba, domin ba tarbiyyata ba ce in ƙaryata wanda ya koya mini riƙon sifana a gaban baƙo, amma har yau ban ga dalilin da za a ɗora wa mutum aikin da ya yi gargaɗi a kansa ba. Daga baya an yi odar sifirin da na ambata tun farko, kuma ni na ɗaura shi.

Sauran darussan ƙanana ne. Lambar da ke jikin kwalbar mai ba abin dogaro ba ce, domin 10W na wani kamfani ba ya daidai da na wani. Tsayin mai a cikin ƙafa ake aunawa, tunda iskar da ta rage a sama ita ma aikin sifirin take yi. Ga ƙannena da ke garejin, duk awon da kuka yi ku rubuta shi a katin aiki tare da shawarar da kuka bayar, ku sa kwanan wata, kafin ku taɓa ko noti ɗaya.